Yadda ake sassaƙa wa jita mai mazurari sabon wuya

Tambaya: Ina da jita mai jikin ƙarfe, irin wadda ke da mazurarin alminiyam guda ɗaya a cikinta. Ta faɗi, kan wuyan ya karye daidai bayan ƙashin da tsirkiyoyi ke hawa, kuma da ma wuyan ya ɗan murɗe. Ni kafinta ne, amma ban taɓa yin kayan kiɗa ba. Zan iya sassaƙa mata sabon wuya da kaina, ko in nemo wuyan wata jitar in ɗora mata? In kuwa zan yi, ta ina zan fara?

Amsa: Malam, za ka iya. Da karaya ce kaɗai, da sai mu ce ka manne ta da gam ka huta, amma tunda wuyan ya murɗe, sabon ya fi. Sai dai kada ka jefar da tsohon, domin shi ne zai ba ka kusan kowane awo da kake bukata.

Abin da ya raba wannan jita da sauran shi ne jakinta, wato abin da tsirkiyoyi ke hawa a jikin jita, ba ya matsawa. Tun da John Dopyera ya ƙera irinta a Amurka, kamfanin National ya fara fitar da mai mazurari uku a 1927, dabarar ɗaya ce: tsirkiya ta danna mazurari siriri, shi kuma ya ɗaga sauti, a zamanin da ba a sa wa jita lantarki. Taka mai mazurari ɗaya ce, faɗinsa yawanci inci 9 da rabi, a kan tsininsa akwai wani ɗan kewayayyen katako da ake kira biskit, a cikin tsagar biskit ɗin kuma sirdin da tsirkiyoyi ke hawa. Mazurarin yana zaune cikin wata rijiya da aka yi daidai shi. Ba gaba, ba baya. Mai yin jitar katako yakan gama wuya sannan ya auna inda zai manna jaki. Kai kuwa daga jaki za ka auno baya, wuyan ne zai bi.

Wannan shi ne amsar tambayarka ta biyu. A ce tsawon tsirkiyar jitarka, daga ƙashin kai zuwa sirdi, milimita 635 ne, wato inci 25, wanda shi aka fi samu a irin waɗannan. In wuyan yana haɗuwa da jiki a firet na 14 (firet su ne siraran ƙarafan da ke gicciye a kan allon yatsu), to daga bakin jiki zuwa sirdi milimita 283 ne. Wuyan jitar katako mai tsawon 645 kuwa yana neman 287 da ɗoriya. Milimita huɗun nan sun isa su sa kowane sauti daga tsakiyar wuya zuwa sama ya kauce, kuma ba ka da inda za ka tura jakin ka gyara. Ga shi kuma dunduniyar wuyan, wato gindinsa mai kauri da ke haɗuwa da jiki, ba za ta zauna a jikin ƙarfe ba sai an sake ta. Wahalar gyaran ta kai ta yin sabo.

Kafin ka kwance komai, ɗauki awo ka rubuta. Auna daga fuskar ƙashin kai zuwa tsakiyar firet na 12, ka ninka biyu, shi ne tsawon tsirkiya. In karayar ta ɓata wurin ƙashin, auna tsakanin firet na 1 da na 13 ka ninka biyu, ka sami tsawon daga firet na 1 zuwa sirdi, sai ka ninka shi da 1.0595. Rubuta firet ɗin da wuya ke haɗuwa da jiki, 12 ko 14. Rubuta faɗin wuya a ƙashin kai (yakan kama daga milimita 44 zuwa 47) da faɗinsa a bakin jiki, da tsayin dunduniya, da tsayin sirdi a saman biskit. Sannan ka sassauta tsirkiyoyi kaɗan-kaɗan, ka cire wutsiya (ƙarfen da ke riƙe ƙarshen tsirkiyoyi a gindin jita) da murfin da ke rufe mazurari, ka yi wa mazurari alama da fensir don ya koma yadda yake, ka ɗaga shi ta biskit ka ajiye a kwali. Kada ka kama shi ta gefe, yatsa ɗaya yana lotsa shi.

Da ka leƙa ciki za ka ga wata sandar katako ta fito daga dunduniyar wuya, ta bi ta ƙarƙashin rijiya har zuwa gindin jita. Sukurun wutsiya a ƙarshenta yake shiga, akwai wasu kuma da suka ɗaure ta da rijiyar, sannan ga wasu 'yan ginshiƙai da suka tokare ta da bayan jita. Sa wa kowane ginshiƙi lamba da alamar inda yake tsaye. Harshen allon yatsu da ya hau kan jiki kuma sukuru ne ke riƙe da shi, an ɓoye kawunansu a ƙarƙashin fararen ɗigon nan na ado. Sai ka huda ɗigon ka fitar da su kafin wuyan ya zaro. Mutane da yawa a nan suke tsaga allo, suna ja da ƙarfi ba su san akwai sukuru ba.

Katako: maɗaci ko mefil (wani farin katako mai tauri). Abin dubawa shi ne ya bushe sosai, danshinsa tsakanin kashi 6 zuwa 8 cikin ɗari, jijiyarsa ta miƙe daga farko har ƙarshe, kuma in ka dubi bakin yankan ka ga layukan a tsaye suke. Katakon da jijiyarsa ta karkace shi ne ke murɗewa, wataƙila ma abin da ya sami tsohon ke nan. Nemi mai faɗin milimita 75, kauri 25, tsawo kamar 750 don ka sami abin da za ka jera dunduniya da shi. Yanke shi kusa da awo, ka jingine shi mako biyu ya gama motsinsa, sannan ka share fuskarsa ta miƙe. Tsirkiya shida masu kauri suna jan wuya da nauyin da ya kusa kilo 80, dare da rana.

Kan wuya kada ka fafe shi daga dunƙulen katako ɗaya, domin jijiya takan gajarce a lanƙwasar, nan ne kuma naka ya karye. Yanka katakon a karkace, digiri 14, ka juya guntun ka manna shi ta ƙasa. Gam ɗin kafinta na yau da kullum ya isa, in dai fuskokin biyu sun haɗu ba haske a tsakani. Sai ka tsaga hanya a tsakiyar wuya ka kwantar da sandar ƙarfe mai gyara lanƙwasa, irin mai juyawa gaba da baya. Sayi sandar tukuna ka auna ta, sannan ka tsaga hanyar daidai ita, ta shiga da ɗan matsi. In ta yi sako-sako za ta riƙa karkarwa a ciki, kai kuma ka yi ta zargin mazurari.

Allon yatsu eboni ne ko wani katako mai tauri irinsa, kauri milimita 6. In za ka sami wanda aka riga aka tsaga a kan tsawon tsirkiyarka, saye shi ya fi. In da hannu za ka yi, lissafin shi ne ka raba tsawon da 17.817, abin da ya fito shi ne firet na 1. Ka cire shi daga tsawon, ka sake raba saura, haka har ƙarshe. A tsawon 635, na 1 yana 35.64, na 2 yana 69.28, na 12 dole ya faɗo a 317.5. Kowane awo ka ɗauko shi daga ƙashin kai, kada ka riƙa aunawa daga firet zuwa firet, kuskure taruwa yake yi. Zarton tsagar kuma kaurinsa kusan milimita 0.6.

Yanzu ga inda aikin yake. Kada ka sassaƙa bayan wuya, kada ka manna allo, kada ka manna sandar ciki, sai dunduniya ta zauna. Abu uku kake nema a lokaci ɗaya: nisa, saiti, da kwanciyar wuya.

Nisa shi ne daga tsakiyar firet na 12 zuwa inda tsirkiya ke barin sirdi ya zama rabin tsawon, da ƙarin kamar milimita 2. Ƙarin nan saboda tsirkiya takan ƙara tauri in an danna ta, sautin ya ɗan haura. Riƙe allon da tef a kan wuya, ka mayar da mazurari wurinsa, ka auna. Saiti kuwa zare za ka ja daga tsakiyar ƙashin kai zuwa tsakiyar wutsiya, ya ratsa tsakiyar biskit. In ya kauce, askar gefe ɗaya na dunduniya ne maganinsa. In ka bar shi haka, tsirkiyoyi za su riƙa jan mazurari gefe, ta bakin allo kuma ta riƙa zamewa daga firet.

Kwanciyar wuya ita ce ke yanke hukuncin sautin jitar gaba ɗaya. Wuyan yana ɗan kwantawa baya, kuma gwargwadon kwanciyarsa ne tsayin sirdi, gwargwadon tsayin sirdi ne ƙarfin da tsirkiya ke danna mazurari da shi. In wuyan bai kwanta sosai ba, dole ka aske sirdi ƙasa don tsirkiya ta taɓu, sai ta wuce kusan a miƙe zuwa wutsiya, mazurari ya rasa nauyi, sauti ya zama siriri da zizar ƙarfe. In ya kwanta fiye da kima, sirdi ya yi tsawo, tsirkiya ta taɓa hannun murfin da ke rufe jaki, mazurari ya shaƙe, wata rana ka ji ya lotsa. Yadda za ka gwada: ɗora doguwar rula a kan allo, ka sa wani abu mai kaurin firet a ƙarƙashinta, ka tura ta har sirdi. Bakinta ya sauka milimita 4 zuwa 5 ƙasa da kan sirdi mai tsayin tsohon. Dalili kuwa, tsayin tsirkiya a firet na 12 rabin wannan tazarar ne, kuma kana neman kamar milimita 2.5.

Gyaran ana yinsa ne a fuskar dunduniya, kuma ƙanƙani ne ƙwarai. In dunduniyar tsayinta milimita 80 ne, wuyan kuma yana haɗuwa a firet na 12, aske rubu'in milimita ɗaya daga ƙasanta yana ɗaga layin rula da milimita ɗaya a sirdi. Don haka ajiye kurfi. Ka ɗan rarake tsakiyar fuskar dunduniyar, gefuna kaɗai su taɓa jiki. Sai ka yanka samfefa mai lamba 120 siriri, ka sa shi tsakanin dunduniya da jiki, ɓangaren yashi yana duban katako, ka danna wuya ka zare shi ta ƙasa. Ja biyar a dama, biyar a hagu, ka sake ɗora rula. Ka ƙirga jan, in ba haka ba saitin da ka gama zai tafi. Jikin ƙarfe ba ya miƙe sarai, saboda haka shafa masa alli, inda allin ya kama katako nan ne ke tokarewa.

Sandar ciki, in tsohuwar lafiyarta ƙalau, ciro ta ka mayar a sabon wuya, ramukan sukurunta sun riga sun dace. Fafe mata gurbi a dunduniya, ka gwada ba gam. Ya kamata ta kwanta a ƙarƙashin rijiya ba tare da an tilasta mata ba. In da tazara, cika ta da siririn katako mai tauri. Kada ka ce sukuru zai jawo ta, domin zai jawo ta ɗin, amma ya karkatar da rijiyar, mazurari ya daina zama daram, ga ziza da ba za ka gano tushenta ba. Ginshiƙan ma su shiga da ɗan matsi kawai, ba har bayan jita ya kumburo ba.

Da wannan ya zauna, saura aikin da ka saba ne. Rufe hanyar sandar ƙarfe da siririn tef don gam kada ya shiga, ka kafa ƙananan ƙusoshi biyu ta cikin tsagar firet na 1 da na 11 don allo kada ya zame, ka manna, ka bar shi kwana ɗaya a matse. Sassaƙa baya da magagari, kauri milimita 22 a firet na 1 har da allo, ya ƙaru zuwa kamar 25 kusa da dunduniya, kana lura kada ka kusanci hanyar sandar. Ramukan kunnuwan ɗaure tsirkiya ka kwafo su daga tsohon kai. Buga firet, daidaita kawunansu, shafa mai ko fenti yadda kake so. Abu ɗaya da ake mantawa: tunda wuyan ya kwanta baya, harshen allo zai tashi daga jiki kaɗan. Yanka siririn katako mai kaifin baki ka cike gurbin kafin ka ɗaure sukuru, in ba haka ba allon zai lanƙwashe ƙasa daga bakin jiki.

Duk wannan bayani na wuya mai zagaye ne, wanda ake danna firet da yatsu. In irin mai kusurwa huɗu kake so, wanda ake kwantarwa a cinya a kaɗa da guntun ƙarfe, sassaƙa ta ragu, firet alama ce kawai, ƙashin kai kuma yakan kai milimita 10. Amma nisa da saiti da kwanciya suna nan yadda suke.

Ranar ɗaura tsirkiya, fara da biyun tsakiya, sannan ka bi waje, kana ɗaurewa kaɗan-kaɗan don mazurari ya zauna daidai. Kada ka mayar da murfi tukuna. Bar ta kwana biyu, sannan ka danna tsirkiya a firet na 1 da na bakin jiki, ka juya sandar ƙarfe rubu'in zagaye a kowane karo har tazara a tsakiya ta zama kamar milimita 0.2, kaurin takarda biyu. Sai ka aske sirdi, kana tuna cewa milimita ɗaya a firet na 12 biyu ne a sirdi. In tsirkiyoyi masu kauri suna haurawa a firet na 12 alhali sirara sun daidaita, sassauta su ka ɗan juya mazurarin a rijiyarsa yadda ɓangaren masu kauri zai ja baya. Makon farko ka tsaya a buɗaɗɗen G ko D, wato ɗaurin da tsirkiyoyi ke ba da amon G ko D ba tare da an danna firet ba. Buɗaɗɗen A da E sun fi jan wuya da danna mazurari, sai ka rage kaurin tsirkiya kafin ka hau su.