Safar hannun yara: abin da ya yi min aiki a Winnipeg

Wa'alaikumus salam 'yar uwa, sannu da zuwa ƙasar sanyi. Na ga tambayarki tun jiya, kin ce yaranki biyu, mai shekara 3 da mai shekara 6, sun zubar da safar hannu har sau huɗu alhali ko Disamba ba ta ƙare ba, kina neman dabara. Wallahi sai da na yi dariya ni kaɗai a kicin, don ni hunturuna na farko a nan Winnipeg ta ƙasar Kanada har jaka guda na tara ta wari-wari, kuma yawanci na hannun hagu ne, har yau ban san me na dama ya yi musu ba.

Abu na farko dai ki daina faɗa. Ni na yi faɗan har na gaji, kullum "ina safarka" "na bar ta a makaranta", gobe ma haka. Mu da muka taso a Kano wa ya san wata safar hannu, ko sanyi ya yi tsanani iyakaci rigar sanyi da hula da man shafawa shi ke nan. Daga baya na gane yaro ba ya yar da safa tana hannunsa, sai lokacin da ya cire ta, zai buɗe kwalbar ruwa ne, ko zif ya maƙale, ko ta jiƙe ta dame shi, ya cire ya ajiye a kan benci hankalinsa ya tafi wajen wasa. To duk dabarar a nan take, in ya cire ina za ta je.

Ga ƙaramin, mai shekara 3, kar ki dogara da hankalinsa ko kaɗan, ki haɗe safar da jaket kawai. Akwai 'yan kilif da ake sayarwa, guntun lastik ne da baki biyu na ƙarfe, ɗaya ki maƙala a bakin hannun jaket ɗaya a jikin safar, za ki samu a Walmart ko Dollarama. Ko ya cire tana nan tana lilo a hannun riga. Sai dai ki dinga dubawa, wani in ya kwana biyu bakin yana saki, musamman in jaket ɗin mai santsi ne. Abin da na koma yi shi ne na ɗinke ɓangaren jaket ɗin da allura da zare gaba ɗaya, na bar kilif a ɓangaren safar kawai saboda in za a shanya a cire. Minti goma ne aikin.

Za ki ji wasu sun ce ki yi ta tsofaffin Turawa, a ɗaure safa biyun da igiya doguwa a zura ta cikin hannun riga, ta bi ta baya ta fito ta ɗaya hannun, kamar dai yadda muke zura zariyar wando. Yana aiki kam, ba ƙarya, na yi wa babbana. Amma ranar da na kai shi gidan renon yara malamar ta ja ni gefe ta ce ba sa karɓar igiya, tana iya naɗe wuyan yaro ko ta sarƙe a lilo ko wajen sulu, ta nuna min yadda igiyar take fitowa ta wuya in yaro ya ja hannu ɗaya. Jikina ya yi sanyi, a daren na yanke ta. In ma dole sai kin yi, ki yi gajeru biyu kowacce ɗinke a cikin hannun riga, kar ta ratsa ta baya. Fil kuma irin wanda muke kama hijabi da shi kar ki fara, na gwada, ya buɗe ya karce min yarinya a wuyan hannu.

Sai irin safar kanta, a nan mutane suke asarar kuɗi. Ƙaramin yaro ki saya masa mai kamar jaka, wadda babban yatsa ne kaɗai a ware, ta fi ɗumi tunda yatsun suna tare kuma ba sai kin tsaya lissafin wane yatsa ya shiga wane rami ba kuna sauri bas zai wuce. Ki nemi mai dogon wuya da ke hawa kan hannun jaket kusan gwiwar hannu, mai maɗauri, wadda ruwa ba ya ratsawa. Waɗannan 'yan sirara na saƙa masu arha da yaro ya taɓa ƙanƙara sau biyu sun jiƙe, da sun jiƙe kuwa cirewa zai yi, ko ke ce ba za ki zauna da jiƙaƙƙen abu a hannu ba. Kuma abin ba wasa ba ne, hukumar yanayi ta Kanada ta ce in sanyi haɗe da iska ya kai digiri 28 ƙasa da sifili fatar da ke waje tana iya daskarewa cikin minti 10 zuwa 30, a nan kuwa Janairu ba baƙon abu ba ne a kai haka. Shi ya sa kullum akwai wata ta ko-ta-kwana a ƙaramin aljihun jakar makaranta, ita wannan mai arhar ma ta isa.

Abin da ya fi rage min ciwon kai, wata maƙwabciyata 'yar Somaliya ce ta koya min, Allah ya saka mata. Ki sayi iri ɗaya, kala ɗaya, uku lokaci guda. In wari ya ɓata ki ɗauko a cikin sauran, in an yi sa'a na hagu ya ɓata yau na dama ya ɓata wani satin kin ga asararki guda ɗaya ce ba biyu ba. Ni da sai na saya wa wannan mai hoton mota waccan mai fulawa, ɗaya na ɓata ɗayar ta tashi a banza. Yanzu kowa ja ne, har maigidan yana tsokana wai gidan 'yan kwana-kwana. Ja ko ruwan lemo ya fi baƙi, a kan ƙanƙara daga nesa za ki hango, sannan baƙar rabin ajin irinta suke sawa, yaro ya ɗauko ta wani ya dawo miki da hagu biyu. Suna kuma ki rubuta da alƙalamin maka a 'yar takardar ciki, kowane wari daban, ba ɗaya kawai ba.

Mai shekara 6 ɗin ya isa a koya masa. Kilif ma kunya zai fara ji a cikin abokai. Doka ɗaya na ba nawa, da ka cire ka tura su cikin hula, hular ka cusa ta a hannun jaket, ba aljihu ba don aljihunsu ƙarami ne rabin safar a waje take tana faɗuwa. Mun yi ta maimaitawa a bakin ƙofa kusan sati biyu kamar karatun allo, ya shigo ya cire ina tsaye, sannan ya kama. Da na je ɗaukarsa kuma kafin mu bar harabar sai na ce nuna min hannu, don in a lokacin ne yana iya tuna inda ya ajiye, in an kwana an gama.

A gida ki sa kwando ɗaya a bakin ƙofa kusa da inda hita ke huro iska, jiƙaƙƙu su kwana a nan su bushe, don rabin ɓatan ma a cikin gida ne, ƙarƙashin kujera da bayan mota.

Huɗun nan da kika ce sun ɓata kuwa kar ki cire rai tukuna. Makarantun nan suna da akwatin kayan tsintuwa, yawanci kusa da ofis, ki shiga da kanki ki tona har ƙasa, yaro in kin aike shi leƙawa kawai zai yi ya ce babu. Ki je kafin a ba da hutun ƙarshen shekara, don a tamu in an yi hutu kwashe ragowar suke yi su bayar sadaka. Ki dinga kallon shinge da kan turaku ma a hanyarku, mutanen nan in sun tsinci wari a ƙasa ratayewa suke yi a wajen, ni da kaina na cire guda biyu a kan wayar shingen filin wasa, sun ƙandare kamar kilishi.