Waye ke biyan kuɗin karatun 'yan wasa a jami'o'in Amurka?

Wa alaikumus salam, Malam. Ka tambaya ko da harajin jama'a ake ɗaukar nauyin karatun 'yan wasan jami'o'in Amurka, kuma in haka ne me zai hana mu caccake su idan sun sha kashi. Ɗana ya shekara 4 yana gudun tsere wa wata jami'ar gwamnati a nan Amurka, don haka da idona na ga yadda abin yake.

A manyan jami'o'i, sashen wasanni asusunsa daban. Kuɗinsa daga talabijin suke zuwa, da tikiti, da gudummawar tsofaffin ɗalibai masu hannu da shuni. A 2022 kaɗai, rukunin Big Ten, wato gungun wasu manyan jami'o'i da ke gasa da juna, ya sayar wa gidajen talabijin damar nuna wasanninsa a kan kusan dala biliyan 7 na shekara 7. Ƙwallon Amurka da ƙwallon kwandon maza su ne ke kawo wannan dukiya, a inuwarsu masu gudu da masu ninƙaya ke fakewa. Sashen ne ke biya wa yaro kuɗin makaranta, kamar dai yadda uba zai biya.

Inda maganarka ke da ƙarfi shi ne ƙananan jami'o'i. Galibinsu wasanni ba sa mayar da abin da aka kashe, sai jami'a ta cike giɓin daga aljihunta, ko ta ɗora wa kowane ɗalibi kuɗin wasanni. 'Yata ba ta taɓa leƙa filin ba, amma kowane zango sai na biya mata. Wanda ya biya irin wannan kuɗi, wallahi yana da bakin magana.

Kuma kada ka ɗauka kowane ɗan wasa kyauta yake karatu. Rabin kuɗin aka ba ɗana, sauran mu muka nema, kuma kowace shekara sai an sabunta. Jami'o'in Harvard da Yale ma ba sa bayar da tallafin wasa ko kaɗan.

To, suka fa? Soki koci son ranka. A jihohi da yawa babu ma'aikacin gwamnati da ya kai shi albashi, ya fi gwamna nesa ba kusa ba. Soki shugabannin da suka ɗauko shi. Taurarin 'yan wasa ma yanzu kuɗi suke karɓa: tun 2021 aka ba su damar yin talla da sunansu, daga 2025 kuma jami'a na iya raba musu kusan dala miliyan 20 a shekara. In ka ce ba su taka rawar gani ba, ba ka yi laifi ba.

Zagi ne ba na iya haɗiyewa. Abokin ɗana, ɗan shekara 19, ya ɓarar da ƙwallo a ƙarshen wasa. Kafin gari ya waye 'yan caca sun cika wayarsa da ashar, har mahaifiyarsa ba su bari ba. A falona ya kwana ranar, ko abinci bai taɓa ba, ga jarrabawa tana jiransa ƙarfe 8 na safe.