Tambaya da Amsa: Ces ɗin minti uku ne ke ɓata min dogon wasa?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne, gidanmu na Rijiyar Zaki. Kusan shekara biyu kenan ina buga ces (chess, darar Turawa) a waya, yawanci na minti uku, ko a Adaidaita nake bugawa nake, kuma makina ya hau sosai. To watan jiya na shiga wata gasa ta zama a gaban allo da agogo, aka ba kowa awa ɗaya da rabi, wallahi minti 12 kawai na ci a agogona aka cinye ni, kuma wani dattijo ne da na tabbata a waya ba zai ja da ni ba. Abokina ya ce biliz, wato wannan wasan sauri na minti uku, shi ne ya lalata ni. In daina ne?

AMSA: Wa'alaikumus salam ƙanena. Abokinka ya faɗi rabin gaskiya, amma ni minti 12 ɗin nan su suka fi tsaya min a rai, an ba ka minti 90 ka mayar da 78 ba ka taɓa ba, kamar wanda aka ba kuɗin cefane ya dawo gida da canji da kwando babu komai.

A dokar FIDE, hukumar ces ta duniya, wasan da kowa ke da minti 10 ko ƙasa da haka shi ne biliz, sama da 10 zuwa ƙasa da 60 kuma rafid. A gasar biliz ta duniya minti 3 ake bayarwa da ƙarin daƙiƙa 2 kan kowane motsi. A wannan lokacin ba ka da sararin lissafi, abin da idonka ya saba gani shi hannunka zai buga. Shi ya sa manya ke burgewa a ciki. Magnus Carlsen ya ci kambun biliz na duniya tun 2009, ya zo ya karɓe na dogon wasa a hannun Anand, zakaran duniya na lokacin, a 2013, amma shi sai da ya tara dubban yanayin allo a kansa ta hanyar karatu da dogon wasa, biliz ɗin kawai fito da su yake. Kai kuma da ni in muka buga guda talatin a dare, kuskuren jiya muke maimaitawa har ya zama jiki.

Ka duba Gukesh na Indiya da ya doke Ding Liren a Singafo a Disambar 2024 yana ɗan shekara 18, ƙarfinsa a dogon lissafi yake, makinsa na biliz bai kai na dogon wasansa ba, kuma hakan bai hana shi zama zakaran duniya ba.

Illar da nake gani a wajen samarinmu ta hannu ce. Ka ga doki zai iya cin soja, kafin ka tambayi kanka me abokin wasa yake nufi da barin sojan nan a fili har ka ɗauka, a waya in ka yi haka sau da yawa sai ka tsira don shi ma ɗayan yana gudun agogo, ko netwok ɗinsa ya yanke ka samu maki a banza ka ɗauka iyawa ce. Dattijon nan kuwa ba inda za shi, ya gyara zaman hula ya zuba wa allo ido minti goma, kuma a gaban allo ka taɓa ka buga ne, babu fasawa. Ka tsaya wata rana wajen masu dara a gindin bishiya ka ga yadda mutum ke riƙe da tsinke ana ta yi masa surutu ya ƙi sakawa sai ya gama auna ramukan nan, irinsu ne suka cinye ka.

Ban ce ka daina ba fa, biliz na da amfaninsa, da shi za ka gwada sabuwar buɗewa, wato salon fara wasa, sau goma a yamma ɗaya ka ga irin amsar da mutane ke bayarwa, kuma ranar da agogo ya matse ka a ƙarshen dogon wasa ba za ka rikice ba. Sai dai ka rage, uku ko huɗu a rana sun isa, kuma duk wanda aka cinye ka kar ka danna sabon wasa cikin fushi, ka koma ka nemo inda ka ɓata da kanka tukuna sannan ka buɗe inji, wato manhajar da ke nazarin wasa, a shafin ces na Lichess kyauta ne. A mako ka samu wasa biyu na aƙalla minti 15 da ƙarin daƙiƙa 10, in da hali ku zauna da abokin nan naka a gaban allo da takarda da biro kuna rubuta motsi. Kafin kowane motsi hannu a cinya, ka samo motsi biyu ko uku ka auna su, ka tambayi kanka shi me zai yi min.

In ka sake haɗuwa da dattijon nan ka gaishe shi da kyau ka roƙe shi ku maimaita wasan tare, zai nuna maka daidai inda ka saki layi.