Zaɓen 1877 a Faransa: shugaban da ya rusa majalisa, majalisa ta ci shi da yaƙi

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Lokacin da Shugaba Macron ya rusa majalisar dokokin Faransa a watan Yunin 2024, na ji masu sharhi a rediyo suna ta kawo zancen wani zaɓe na 1877, wai shi ya karya lagon shugabannin ƙasar shekara da shekaru. Don Allah me ya faru? Shugaban wancan lokacin doka ya taka? Daga wani mai karatu a Damagaram.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Bai taka doka ba. Ikon da tsarin mulki ya ba shi ya yi amfani da shi, amma yadda abin ya ƙare ya sa waɗanda suka biyo bayansa suka ƙi ko kusantar wannan iko.

Bayan Faransa ta sha kashi a hannun Jamusawa a 1870 daular Napoleon na Uku ta rushe, aka shelanta jamhuriya, wadda ake kira Jamhuriya ta Uku. Sai dai majalisar da aka zaɓa a 1871 masu son a maido da sarauta ne suka cika ta. Abin da ya hana su naɗa sarki rigimar cikin gida ce: wanda suke so, Comte de Chambord, ya kafe cewa ba zai hau gado ba sai da farar tutar kakanninsa, ba tuta mai launi uku ba. Da suka rasa yadda za su yi, a 1873 suka ɗora wani tsohon soja, Marshal MacMahon, suka ba shi wa'adin shekara bakwai, kamar mai gadin da aka bar wa gida kafin maigida ya dawo.

Dokokin tsarin mulki na 1875 da ƙyar suka fito. Ayar da ta tabbatar da muƙamin shugaban jamhuriya da ƙuri'a ɗaya ta tsallake, 353 da 352. Dokokin sun ba shugaba ikon naɗa ministoci, da ikon rusa majalisar wakilai idan majalisar dattawa ta yarda. Sun kuma ce ministoci majalisa za su riƙa ba bahasi. To wa ke da gwamnati ke nan, wanda ya naɗa ta ko waɗanda ke iya kayar da ita? Takarda ba ta raba wannan gardama ba.

A 1876 'yan jamhuriya suka lashe majalisar wakilai. MacMahon ya haƙura da firaminista mai sassaucin ra'ayi, Jules Simon, amma zaman na doya da manja ne, musamman kan matsayin Cocin Katolika a siyasa. Ranar 16 ga Mayu 1877 ya aika wa Simon wasiƙa mai zafi, yana zarginsa da kasa riƙe majalisa a muhawarar dokar 'yan jarida. Simon ya ajiye aiki duk da majalisa ba ta juya masa baya ba. Shugaba ya naɗa Duc de Broglie, jigon masu ra'ayin sarauta. Wakilai 363 suka sa hannu a takardar ƙin amincewa, a watan Yuni kuma suka kaɗa wa gwamnatin ƙuri'ar yanke ƙauna. Dattawa suka ba MacMahon izini da ƙuri'a 149 a kan 130, ya rusa majalisa ranar 25 ga Yuni.

Yaƙin neman zaɓen ne ya fi ɗaukar hankalina, domin duk wanda ya san zaɓe a ƙarƙashin gwamnati mai son zarcewa zai gane salon. Ministan cikin gida, Fourtou, ya sauya gwamnonin larduna da yawa, ya tuɓe magadan gari, aka rufe mashayun da 'yan adawa ke taruwa, aka takura wa masu tallar jaridu. 'Yan takarar gwamnati aka buga musu fosta a farar takarda, launin da aka keɓe wa sanarwar hukuma, don talaka ya san ɗan takarar Marshal. Shugaban da kansa ya shiga rangadi. A ganina nan ya yi babban kuskurensa, don ya mai da zaɓen ƙuri'ar raba gardama a kan kansa.

Léon Gambetta, jagoran 'yan jamhuriya, bai bar damar ta wuce ba. A birnin Lille ranar 15 ga Agusta ya ce idan Faransa ta yi magana, dole shugaba ya miƙa wuya ko ya sauka. Aka yanke masa ɗaurin wata uku da tara saboda wannan jawabi, hukuncin da bai sa ya kwana a kurkuku ba, sai ma ƙara yayata maganar da ya yi. A farkon Satumba tsohon shugaba Adolphe Thiers ya rasu, jana'izarsa a Paris ta zama gangamin 'yan jamhuriya. A ƙauyuka kuma suka riƙa gaya wa manoma cewa gwamnatin limaman coci za ta ja ƙasa cikin sabon yaƙi saboda Paparoma.

Aka yi zaɓe ranar 14 da 28 ga Oktoba. Gambetta ya ci alwashin za su dawo su 400, ba su kai ba, sun ma rasa kujeru wajen 40. Amma rinjayensu bai girgiza ba. MacMahon ya gwada taurin kai, ya naɗa Janar Rochebouët firaminista, majalisa ta ce ba za ta yi hulɗa da shi ba, ta kuma riƙe kasafin kuɗi. Dattawa ba su da niyyar sake ba da izinin rusawa. Ranar 13 ga Disamba ya kira Jules Dufaure ya kafa gwamnatin da majalisa ta yarda da ita. Ya miƙa wuya ke nan. Saukar kuma ta zo a 30 ga Janairu 1879, bayan 'yan jamhuriya sun karɓe majalisar dattawa, aka kawo masa takardar sallamar wasu manyan hafsoshin soja ya ƙi sa hannu.

Magajinsa Jules Grévy ya yi wa majalisa alkawarin ba zai taɓa ja da ita ba. Ayar rusa majalisa tana nan a rubuce, amma har Jamhuriya ta Uku ta faɗi a 1940 babu shugaban da ya sake taɓa ta. Shugaba Alexandre Millerand da ya yi ƙoƙarin farfaɗo da ƙarfin kujerar, sabuwar majalisa ta tilasta masa sauka a 1924. Sai a 1955 aka sake rusa majalisa a Faransa.

Ikon da Macron ya yi amfani da shi kuwa na tsarin mulkin 1958 ne, wanda Janar de Gaulle ya kawo don ya kwance ƙullin 1877. A ƙarƙashin sashe na 12 shugaba ba ya bukatar izinin dattawa, shawara kawai zai nema, sai dai ba zai sake rusawa ba sai an shekara da zaɓe. De Gaulle ya gwada a 1962 ya ci riba, Jacques Chirac ya gwada a 1997 ya ƙare da firaministan adawa, Lionel Jospin, har shekara biyar. Ku ma a Nijar, da kuka ari irin wannan tsari, kun ga haka: Mahamane Ousmane ya rusa majalisa a 1994, 'yan adawa suka ci zaɓen Janairun 1995, ya zauna da Hama Amadou a matsayin firaminista har sojoji suka kifar da su a Janairun 1996.