Tambaya da amsa: wane hob da nokul zan sa a gaban motar da nake ƙerawa?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni mai walda ne a Daura, ina haɗa wata ƙaramar mota mai kujera biyu da bututun ƙarfe. Injin yana gaba, amma tayoyin baya ne za su riƙa ja. Wani mai sayar da kayan gwangwan ya yi mini tayin nokul da hob na Golf 3 da araha, sai dai sun yi tsatsa kuma babu shaft a jikinsu. In saya? In na saya, yaya zan gyara su?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya yi wa aikin albarka. Kada ka saya yadda suke ɗin nan, sai ya haɗo maka da kawunan shaft ɗin da notocinsu. Kuma in ba ka riga ka walda kunnuwan da hannayen taya za su zauna ba, dakata tukuna. Nokul shi ne ƙarfen da ke riƙe da hob (inda ake ɗaure taya), da birki, da bal-joyin (gaɓar da ke haɗa shi da hannun taya), da tairod (sandar da sitiyari ke karya taya da ita), saboda haka shi ke faɗa wa firam inda komai zai zauna. Wanda ya gama firam sannan ya tafi neman nokul, yanka da sake walda ne ke jiransa.

Mu fara da maganar shaft, don nan ne haɗarin yake. Golf mota ce mai ja da gaba. Boris ɗinta na gaba, wato zoben ƙwallayen da hob ke juyawa a cikinsa, guda ɗaya ne mai layi biyu, zobensa na ciki kuma rabi biyu ne. Abin da ke matse rabin biyun nan wuri guda shi ne kan shaft da ya ratsa ta cikin hob da babban notin da ke bakinsa. In babu su, ko tura motar ka yi a cikin gareji sai boris ya fara buɗewa, a kan titi kuwa hob na iya zarewa da taya gaba ɗaya. Tun da motarka ba da gaba za ta ja ba, sai ka karɓi kan shaft na waje, ka fitar da ƙwallayen da kejinsu, tona (mai injin sassaƙa ƙarfe) ya yanke maka kwanon ya bar kafaɗar da ke tokare boris, ka mayar da guntun ka ɗaure noti da cikakken ƙarfinsa. A Honda Civic ta shekarun 1992 zuwa 2000 ƙarfin ɗaurin Nm 181 ne, wasu motocin sun haura 200. Kowace mota da nata adadin, ka nemi na wadda ka ciro. Aikin sifana mai awo ne, hawa kan bututu da ƙafa ba ya ba da lissafi.

Matsala ta biyu ita ce siffar nokul ɗin. Na Golf an yi shi ne don shokoba ta ɗaure a samansa da kusoshi biyu, ba shi da gurbin bal-joyin na sama. In tsarinka hannu biyu ne, sama da ƙasa, sai an sassaƙa maka mahaɗi daga dunƙulen ƙarfe mai kyau, wanda zai zauna a kan kusoshin nan biyu, da rami mai tsukewa a samansa. Inda ramin ya faɗa shi ke yanke nauyin sitiyari. Ka ja zare daga tsakiyar bal-joyin na sama ta tsakiyar na ƙasa har ƙasa: ya kamata ya sauka kaɗan daga cikin tsakiyar sawun taya, kamar milimita 10 zuwa 30. In ya yi nisa, duk ramin da ka faɗa sai sitiyari ya fizge hannunka. Mahaɗin nan da kusa mai lamba 10.9 ake ɗaure shi. Kada ka walda komai a jikin nokul. Da yawansu ƙarfen zubi ne, walda takan kama a ido amma gefenta ya yi gautsi, ya tsage ranar da aka taka birki da ƙarfi. Haka hannun tairod, ba a gasa shi da wuta a lanƙwasa.

Akwai waɗanda ba sa buƙatar mahaɗi. Civic ɗin da muka ambata da Accord irin su Hala da Bulldog hannu biyu gare su tun daga kamfani, sai dai nokul ɗinsu dogon wuya ne da shi, bal-joyin na sama yana can bisa taya, abin da kan yi wa gajeriyar mota tsayi. Hilux mai ja da baya kawai tana da sandar da hob ke juyawa a kai da boris biyu masu tsukewa, babu ruwanka da guntun shaft, amma nauyinta ya yi wa mota mai kujera biyu yawa. Peugeot 504, wadda aka daɗe ana haɗawa a Kaduna, kayanta ba sa wuyar samu, sai dai ita ma ba ta da gurbin bal-joyin na sama, kuma ramukan rim ɗinta 4x140 ne (huɗu, tazarar milimita 140), za ka ɗaure kanka da rim ɗin da ba kowa ke da shi ba. A ganinmu Golf ɗin ba laifi ga mota mara nauyi, don boris da fatar birkinta suna ko'ina daga Katsina har Daura.

Kafin ka biya, auna kusoshin taya na gadar bayanka. In huɗu ne, daga tsakiyar ɗaya zuwa tsakiyar na daura da shi ake aunawa. Golf 3 mai kusa huɗu milimita 100 ce, Peugeot 406 kuwa 108, Bulldog 114.3. In gaba da baya suka saɓa, safaya biyu za ka riƙa ɗauka. Ramin tsakiyar rim ma ba ɗaya ba ne ko da kusoshin sun yi daidai: Volkswagen 57.1, Honda Civic 56.1, Toyota Corolla 54.1. Rim ɗin Corolla ba zai hau hob ɗin Golf ba sai an faɗaɗa shi.

Ka sayi dama da hagu daga mota guda, kowane da kalifansa (abin da ke matse fatar birki), da mariƙin kalifa, da farantin birki, da bal-joyin, da kan tairod ko da sun mutu, don su ne samfurin da za ka kai shago. In za ka samu rak ɗin sitiyarin motar, haɗa da shi. A Golf hannun tairod yana bayan tsakiyar taya ne, rak ɗin da aka yi don gaba kuwa in ka sa shi a baya, ka murza dama mota ta yi hagu. Wasu kan musanya nokul na dama da na hagu don hannun ya dawo gaba. Wannan yana ɓata yadda tayar ciki ke fin ta waje karyawa a kwana, sai mota ta riƙa goge taya. In ba a samu cikakken saiti a Katsina ba, Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna ba a rasawa. Motar da aka buge ta gaba, bar kayanta ko kyauta ne. Ka jera nokul biyun a kan tebur suna fuskantar juna, duk hannun da ya lanƙwashe zai nuna kansa.

Tsatsar waje ba ta kashe nokul. Ka wanke da kananzir, ka bi da burushin waya. Daga nan gwajin tsaga: jiƙa shi da kananzir minti 20, goge shi ƙaf, shafa masa alli da aka dama da sifirit, ka bar shi ya bushe, sannan ka ɗan ƙwanƙwasa da guduma. Inda tsaga take, kananzir zai tsattsafo ya ja siririn layi a kan farin allin. Ka fi zuba ido a gindin hannun tairod, da kunnuwan kalifa, da kewayen ramin bal-joyin. Wanda ya nuna layi ya koma wa 'yan gwangwan.

Boris sabo za ka sa, tsohon ba a mayar da shi, domin fitar da hob kaɗai yana lalata shi. Da injin matsi ake fitar da hob, kuma kusan kullum rabin zoben ciki yakan biyo shi ya maƙale. Ka tsaga zoben a karkace da giranda ba tare da ka taɓa wuyan hob ba, ka sa kurfi a tsagar ka buga, zai saki. Duba wuyan: in ya yi shuɗi ko yana da gurbin da farce ke kamawa, boris ya taɓa juyawa a kansa, hob ɗin ya gama aiki. Masu tsattsaga masa ɗigo da kurfi don ya kama, kwana kaɗan suke saya. Cire zoben maƙalli, fitar da ragowar boris, goge gurbin da samfefa mai laushi, shafa ɗan mai. Wajen shigar da sabo, zoben waje kaɗai ake dannawa, tsohon zoben waje shi ne ya fi dacewa a ɗora a kai. Mayar da maƙalli. Wajen shigar da hob kuma sai a tokare zoben ciki ta baya. Mafi yawan boris ɗin da ke kuka bayan wata guda a nan aka kashe su, an bar nauyin matsi ya bi ta kan ƙwallaye. Irin wannan boris da giris ɗinsa yake zuwa a rufe, ba a buɗe shi a ƙara.

In daga baya ka koma wa irin na Hilux, lissafin ya sha bamban. Kowane boris da kofinsa ake canza shi, a cusa giris mai jure zafi da tafin hannu har ya ɓullo ta ɗaya gefen, a sa sabon sil, wanda a ƙurar hunturun Katsina shi ne ran boris. Ana ɗaure noti ana juya hob don komai ya zauna, a sassauta, a sake ɗaurewa kaɗan bisa awon motar, a kulle da sabon fin ko washa mai kunne. Matse irin wannan kamar na Golf ƙona shi ne.

Saura ramin bal-joyin da na tairod. Tsukewarsu ta bambanta daga kamfani zuwa kamfani, kuma wanda ya kusa dacewa bai dace ba. Shafa tawadar alƙalamin maka a jikin sandar, zura ta, murza kaɗan, zare ka duba: tawadar ta goge daga sama har ƙasa. In baki ɗaya kawai ta goge, sandar za ta riƙa rawa har ta karye. Ka tabbata kuma noti bai ƙure zare ba kafin sandar ta kama.

Fenti na ƙarshe ne, kuma ban da fuskar hob, da gurbin boris, da ramuka masu tsukewa, da inda kalifa ke zama. Fuskar hob ta zama tas, don ɓarɓashin tsatsa a ƙarƙashin faranti shi ke sa birki rawa a ƙafa. In tona yana da agogon awo, karkatar fuskar kada ta wuce milimita 0.05. Mafi ƙarancin kaurin faranti a rubuce yake a jikinsa, wanda ya gaza haka canza shi. Kalifa kuma ka ɗaura shi yadda kusar fitar da iska za ta kasance a sama, in ba haka ba birki ba zai taɓa yin tauri ba. Bayan tafiyar gwaji ta kilomita 50 ta farko, ɗaga motar, kama taya sama da ƙasa ka girgiza, sannan dama da hagu, ka taɓa hob biyun ka ji ko ɗaya ya fi ɗaya zafi, ka sake bin kusoshin mahaɗi da sifana mai awo.