Me ya sa ƙarfen rufi ba ya ɗaukar dal?

Ɗana, jiya muna dawowa daga kasuwar Katako ka tambaye ni dalilin da ya sa na ƙi sayen IPN 120, ƙarfen nan mai siffar harafin I, don rufe ɗakin ƙarƙashin ƙasan nan da muke aiki, alhali shi muke sa wa a rufin kwano, kuma ba ka taɓa ganin ya karye ba. Ka ce ƙarfe ai ƙarfe ne. Hayaniyar hanya ta hana ni ba ka amsa yadda ya kamata, to ga ta yanzu.

Rufin kwano ba ya ɗauke da komai sai kansa da iska. Dal kuwa, wato shimfiɗar kankare, rufi ne ga na ƙasa, daɓe ne ga na sama. Kankare mai kaurin santimita 10 yana kai kilo 250 a kowace murabba'in mita. Ƙara yashi da siminti da karo, wato tayil na daɓe, sannan ka ware kilo 150 na mutane da kayan ɗaki, ka ga mun doshi kilo 500. Faɗin ɗakin mita 5 ne, muna jera ƙarafan mita guda tsakani, wato kowane ɗaya zai kwana ya tashi da tan biyu da rabi a gadon bayansa. Ka ɗauka buhun siminti 50 ne aka jera masa, kuma ba ranar saukewa.

Lambar da ke jikin sunan tsayinsa ce a milimita, daga leɓen ƙasa zuwa na sama, kuma ƙarfin yana wurin. IPN 120 kilo 11 ne a mita, IPN 200 kilo 26. Nauyi bai kai ninki uku ba, amma taurinsa wajen ƙin lanƙwasa ya fi ninki shida. Da wancan kaya, na 120 zai lotsa kusan santimita 6 a tsakiya, kuma ya wuce abin da zai iya ɗauka, ko an sauke ba zai miƙe ba. Na 200 bai kai santimita ɗaya ba. Magabatanmu sun san wannan da azarar giginya, shi ya sa ɗaki in ya yi faɗi suke tsayar da ginshiƙi ko su ɗaura baka. Nisa ne mugun abu: ka ninka shi biyu, lotsawa ta ninku goma sha shida. Da maigidan ya yarda mu kafa ginshiƙai a tsakiya da babban ƙarfe a kansu, da ƙaramin zai iya shiga lissafi. Ya ce fili yake so, don haka injiniya ya rubuta 200, mu kuma abin da ya rubuta shi za mu sa.

Ina kamar shekarunka na taya wani aiki da aka rage ƙarfe don a rage kuɗi. Bai rushe ba. Amma kafin shekara ta zagayo karo ya tsage a layi ɗaya daga bango zuwa bango, ƙofar sama ta daina rufuwa, yaro in ya yi gudu sai ka ji kwanuka suna kaɗawa a kabad. Na ja zare a ƙarƙashin ƙarfen daga baki zuwa baki, na ga tsakiyarsa ta sauko ta danne zaren. Har yau in na tuna matar gidan tana tambayarmu ko ta kwashe yaranta, sai raina ya ɓaci.

Abin da ya fi damuna ma shi ne bakin ƙarfen, inda ya shiga bango. Kada ka taɓa ɗora shi kan bulo mai rami, zai murƙushe shi sannu a hankali. A kan kankare mai rodi zai zauna, ya shiga aƙalla santimita 15, da faranti a ƙarƙashinsa. Kuma nan tsatsa take fara ci, don ido ba ya kai wa. Ɗakin ƙarƙashin ƙasa a Yamai ba ya rabuwa da danshi. Ka tuna 2020 da kogin Isa ya cika ya shiga Saga da Lamorde, kuma ko unguwar da ruwa bai taɓa ba ƙasarta tana jiƙa a watan Agusta. Saboda haka za ka goge kowane ƙarfe da burushin waya har ya yi haske, ka shafa jan fenti mai hana tsatsa sau biyu, bakin nan sau uku. Inda muka yi walda, ka kankare ƙwanson da guduma tukuna, fenti ba ya kama shi.

Gobe da safe ka zo da zare da mita. Kai za ka auna kaurin kowane ƙarfe da aka kawo kafin a sauke shi daga mota, don a kasuwa akwai mai suna 200 da cikinsa ya fi ƙa'ida siranta, in ka samu irinsa ka ware shi gefe ka kira ni.