Gida a Kumasi: amsa ga Yaya Alhaji na Unguwar Rimi

Yaya Alhaji, saƙonka ya iso. Ka ce shekara 35 ta aiki ta cika, ka ajiye aiki, sanyin hunturun Kaduna ya fara taɓa maka gwiwa, kana son sayar da gidan Unguwar Rimi ka sayi wani a nan Kumasi ta Ghana. Wallahi na yi murna, amma raina bai kwanta da maganar sayarwar ba.

Sanyi kam ka rabu da shi. Hunturunmu ɗan hazo ne na makonni, ba ya fasa leɓe, damina kuma sau biyu take zuwa a shekara.

Maganar ƙasa ce sai ka zauna da kyau. Kai ka saba mutum ya riƙe takardar KADGIS, hukumar filaye ta Kaduna, ya ce fili nasa ne. A nan ƙasar Asante ta kujerar sarauta ce, a ƙarƙashin Asantehene, wato babban sarkin Asante, Otumfuo Osei Tutu II, kuma ba a sayar da ita har abada, ko ga ɗan ƙasa. Shekaru ake saya. Mu da aka haifa a nan mukan samu 99, baƙo kuwa tsarin mulkin 1992 ya ce kada ya wuce 50, ga kuɗin ƙasa duk shekara. Sarkin yanki ya ba ka takarda, a kai ta ofishin filaye na Manhyia, fadar Asantehene, sannan hukumar filaye ta gwamnati. Wanda ya tsallake ɗaya, wata rana zai tarar da wani yana zuba harsashi a filinsa, shi ma da tasa takardar. Na ga dattijon da hakan ta faru da shi, har yau ban manta fuskarsa ba.

A cikin zango kuwa, wato unguwanninmu na Hausawa irin su Aboabo ko Sabon Zango, da wuya ka samu gidan sayarwa mai tsabta. Yawancinsu gidajen gado ne tun zamanin fataucin goro, magada sun kai talatin, wasu suna Accra, wasu Jamus. Mutum ɗaya ya karɓi kuɗinka, sauran su ce ba da yawunsu ba.

Shi ya sa mu ba da kuɗi ake shiga cikinmu ba, da mai masauki ake shiga. Haka kakanmu ya sauka da jakunansa, kuma har gobe haka ne. Mai masauki zai kai ka gaida Sarkin Zango da liman, ya ce wannan baƙona ne. Daga nan a fara ganinka a sahu, a wurin suna, a sadakar uku da ta bakwai da ta arba'in. Mu nan ba ma wasa da zaman makoki, domin yawancinmu danginmu na jini suna nesa, maƙwabci shi ne zai ɗauki makararka. In an san ka, dattawa da kansu za su ce maka gidan nan kada ka taɓa, wancan lafiya lau.

Ka tambaya ko za a ɗauke ka baƙo. Hausa za ka ji ko'ina, har a bakin Dagomba da Mosi, sai dai tamu ba ta cika raba namiji da mace ba, kada ka ji an ce "matata ya zo" ka gyara wa mutum. Koko da ƙosai suna nan kowace safiya. Amma a takarda kai baƙo ne: fasfon ECOWAS kwana 90 yake ba ka, bayan nan sai izinin zama. Tsofaffinmu ba su manta 1969 ba, lokacin da gwamnatin Busia ta kori baƙi marasa takarda, mutane suka bar gidaje a arha suka hau mota. Ga kuma fanshonka da naira zai riƙa zuwa, kai kuwa da sidi, kuɗin Ghana, za ka yi cefane.

Don haka ka sa haya a gidan Unguwar Rimi, kada ka sayar. Masu gida a nan sukan nemi kuɗin shekara biyu a dunƙule, to kai ba ka buƙatar wannan, ɗakin baƙi na gidanmu yana nan. Ka zo bayan Babbar Sallah, kai da Hajiya, ku yi damina ɗaya da azumi ɗaya tare da mu. Ka taho mana da kilishi, ka gaida yara.